Magani biyu sun gaza a kan farfaɗiyar ƙanina: a ƙara na uku ko a nemi tiyata?

'Yar Fagge:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da masu ilimin magani a kan ƙanina, ɗan shekara 24, nauyinsa kilo 62.

Yana da shekara biyu ya yi zazzaɓi mai zafi da doguwar jijjiga, mahaifiyarmu ta ce ta haura rabin awa. Daga nan shiru, sai da ya kai shekara 11 abin ya fara. Kullum iri ɗaya yake zuwa masa. Zai ji wani abu na taso masa daga ciki zuwa ƙirji, tare da tsoro marar dalili. Sai ya ƙame yana kallon wuri ɗaya, yana tauna baki kamar mai cin goro, hannun dama na wasa da maɓallin riga, na hagu kuma ya sandare. Minti ɗaya zuwa biyu ya sake shi. In ya dawo yakan goge hanci da hannun dama, maganarsa daidai, amma bai san me ya faru ba. Wannan sau huɗu zuwa shida a wata. Babbar faɗuwa mai jijjiga jiki duka kuwa sau biyu ko uku a shekara, galibi cikin barci.

An fara masa magani da fenobabital, aka daina saboda barci ya hana shi karatu. Shekara tara yana shan Tegretol, yanzu miligiram 400 safe da dare. Shekara biyu da suka wuce aka ƙara Keppra, miligiram 1000 safe da dare. Babbar faɗuwar ta ragu, ƙananan suna nan. An yi hoton CT an ce lafiya lau. An yi EEG, wato awon wutar ƙwaƙwalwa, na rabin awa sau biyu, shi ma an ce ba komai.

Yanzu ana maganar ƙara magani na uku. Wani kuma ya ce a Indiya ana yin aiki a ƙwaƙwalwa a raba mutum da ciwon, amma 'yan gida sun tsorata, wasu ma cewa suke tunda hoto bai nuna komai ba, ba ciwon asibiti ba ne. Me ya rage mana?

Likitan Jijiyoyi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. 'Yar'uwa, bayanin nan da kika zayyana ya fi EEG ɗin biyu faɗar gaskiya, don haka da shi zan fara.

Abin da ke taso masa daga ciki ba gargaɗi ba ne kawai, ciwon ne ya riga ya fara, bai dai bazu ba tukuna. Shi da tsoron da ƙamewar da taunar baki su ne kamannin farfaɗiyar da ke tasowa daga sashen ƙwaƙwalwa na daura da kunne. Can ciki akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ana ce masa hifokamfas, shi ke ajiye sabon abin da mutum ya ji ko ya gani. Doguwar jijjigar zazzaɓi a yarinta kan tafi ta bar tabo a wurin, ciwon ya yi kwanton shekaru, sannan ya bayyana dab da balaga. Tarihin ƙaninki ya yi kama da wannan sosai.

Hannayensa ma sun yi magana. Hannun da ke sandarewa yana kishiyar ɓangaren da ciwon ke tashi, wanda ke wasa da maɓalli da wanda ke goge hanci kuwa suna ɓangare ɗaya da shi. Duka ukun ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa suke nunawa. Yin magana daidai da zarar ya farfaɗo ya ƙarfafa hakan, domin a yawancin mutane harshe a hagu yake, in ciwon na hagu ne sai mutum ya yi mintoci yana laluben kalma. Hasashe ne mai ƙarfi, ba hukunci ba.

Masu cewa hoto bai nuna komai ba kuwa, a gaya musu CT ba ya ganin irin wannan tabon. Aikinsa gano zubar jini da fashewar ƙoƙon kai da babban ƙari. EEG na rabin awa kuma tamkar ka leƙa kasuwa sau ɗaya ne ka ce ba ɓarawo a cikinta. Kusan rabin masu farfaɗiya ta gaske awonsu na farko fes yake fitowa.

A 2010 ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta tsayar da ma'auni. In an gwada magani biyu da suka dace da nau'in ciwon, a adadin da ya isa, mutum ya sha su yadda aka ce, jikinsa ya karɓe su, amma bai samu ko shekara guda cur ba tare da tashin ciwo ba, to ciwonsa ya shiga sahun wanda ba ya jin magani. Fenobabital ba ya cikin lissafi, tunda illarsa ce ta sa aka daina. Tegretol da Keppra su ne biyun. Dalilin tsayawa a biyu shi ne lissafi. A Gilasgo ta Birtaniya an bi mutum 1,795 da aka fara wa magani cikin shekara talatin, aka fitar da sakamakon a 2018. A kowane mutum 100, kimanin 50 ciwonsu ya tsaya da magani na farko, na biyu ya ƙaro kusan 12, na uku kimanin 4. Ban ce kada a gwada na uku ba. Cewa nake kada a jingina dukan fata a kansa a sake ɓata wasu shekaru tara.

Ga abin da za ku iya farawa a wannan makon. A sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta rana da lokaci da tsawon kowane tashi, da awa nawa ya yi barci a daren, da ko ya sha maganin jiya. A ɗauki bidiyo da waya sau uku ko huɗu, kyamara ta kama fuska da hannaye biyu gaba ɗaya, kada a matso kan fuska kaɗai. Yana cikin halin a kira sunansa, a ce ya ɗaga hannu, a faɗa masa kalma ɗaya kamar "lemo", bayan ya dawo a tambaye shi kalmar, a nuna masa cokali ko agogo a ce ya faɗi sunansa. Bidiyon nan kuma shi ke rarrabe farfaɗiya da faɗuwar da damuwa ke haddasawa, wadda ke kama da ita amma maganin farfaɗiya ba ya yi mata komai.

Sai MRI, hoton ƙwaƙwalwa da ya fi CT nuna irin wannan tabon, kuma ba kowane MRI ba. Likita ya rubuta a takardar cewa tsarin farfaɗiya ake so: yanka sirara na milimita ɗaya, da nau'o'in hoton da ake kira T1 da FLAIR, da T2 da aka yanko a gicciye bisa tsawon hifokamfas. MRI na ciwon kai na yau da kullum yankansa milimita biyar ne, tabon kan ɓace a tsakanin yanka da yanka. Na'ura mai ƙarfin Tesla 3 ta fi, amma mai 1.5 da aka bi tsari ta fi mai 3 da aka yi wa aikin gaggawa. EEG kuma a maimaita bayan an hana shi barcin dare, ya yi barci a kan gadon awon. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato suna da likitocin jijiyoyi, a wajensu ya kamata fayil ɗinsa ya kasance.

Famasis:

Likita ya gama magana a kan gano ciwon. Ni kuma, Hajiya, kafin a yanke cewa magani ya gaza, a tabbatar maganin na isa jini.

Kabamazafin, wato Tegretol da 'yan'uwansa, ba ya son laima. Hukumar magunguna ta Amurka ta taɓa yin gargaɗi cewa ƙwayar da ta sha danshi kan yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Wanda ake ƙirgo wa ƙwayoyi daga babbar roba a zuba masa a leda, ya ajiye a kusa da randa da damina, ragaggen magani yake sha bai sani ba. A saye shi a cikin fakitinsa, mai lambar NAFDAC, a wuri ɗaya, na kamfani ɗaya. Sauya kamfani kowane wata shi kaɗai ya isa ya tayar da ciwo. In mai narkewa a hankali ne, wanda aka rubuta CR a jikinsa, ba a taunawa ba a niƙawa.

Sai awon jini. A auna kabamazafin da safe kafin ya sha ƙwayar safe, abin da ake nema tsakanin maikirogiram 4 zuwa 12 ne a kowane mililita. In aka ɗibi jinin bayan ya sha, lambar ba ta da amfani. A haɗa da awon gishirin jini, domin maganin na saukar da sodiyam, saukarsa kuma na jawo tashin ciwo, da awon hanta da ƙwayoyin jini. Miligiram 800 a rana ga mai kilo 62 adadi ne mai kyau, amma akwai sauran wuri har wajen 1200 in jiri da gani biyu-biyu ba su hana ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne sauran magungunan da yake sha. Tiramadol, wanda ake ce wa Tramol, yana tayar da farfaɗiya har ga wanda ba shi da ita. Sifurofuloksasin da ake bai wa kowa da sunan taifot shi ma yana sauƙaƙa tashinta. Eritiromaisin da kilaritiromaisin da isoniyazid na tarin fuka suna ɗaga kabamazafin a jini har mutum ya riƙa tangaɗi, rifamfisin kuma yana saukar da shi. Shi kansa kabamazafin yana zaburar da hanta ta narkar da wasu magunguna da wuri: Coartem na zazzaɓin cizon sauro, wanda takardarsa ma ta hana haɗa su, da dolutegirabir na masu cutar ƙanjamau, da ƙwayoyin tazarar haihuwa da ɗan ashanan da ake sa wa mata a dantse. Duk wanda zai rubuta masa magani, ko na mura ne, a fara nuna masa katin farfaɗiyar.

In komai ya fito daidai kuma aka tashi ƙari, mafi sauƙi shi ne kilobazam, wato Frisium, miligiram 10 da dare, a kai 20 in da buƙata. Yakan yi aiki da wuri, aibinsa shi ne jikin wasu kan saba da shi bayan 'yan watanni. Lamotirijin, wato Lamictal, ya fi shi ɗorewa, kuma a gwajin SANAD na biyu da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2021 ya fi lebetirasetam, wato Keppra, a matsayin maganin farko ga irin wannan farfaɗiya. Amma ba ya son gaggawa. Ga mai shan kabamazafin ana fara miligiram 50 a rana na mako biyu, sannan 50 safe da dare na wani mako biyu, sai a riƙa hawa a hankali. Ga mai shan Epilim, wani maganin farfaɗiyar, kuwa miligiram 25 ne yau a tsallake gobe, domin Epilim na ninka shi a jini. Wanda ya rikita waɗannan biyun zai iya jawo ƙurajen da ke saɓule fata. Duk ƙurji da zazzaɓi, ko gyambon baki, ko jan ido a makonni takwas na farko, asibiti ne a ranar.

A sauran magungunan da ake iya ƙarawa, Topamax yana da ƙarfi, amma yana rage zufa, yana kawo tsakuwar ƙoda, yana sa kalma ta maƙale a baki. Ga mai aiki cikin ranar watan Afrilu a Kano sai da shan ruwa sosai. Vimpat kuma hanyarsu ɗaya da kabamazafin, in aka haɗa su jiri ya yi yawa, ga buƙatar awon bugun zuciya kafin a fara. Epilim ga namiji ma sai likita ya auna, ga macen da za ta iya ɗaukar ciki kuwa a guje shi, kusan jariri ɗaya cikin goma na fitowa da nakasa.

Ƙa'idoji biyu ba sa canzawa. Sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, don a san wanda ya yi aiki. Kuma ba a yanke maganin farfaɗiya rana ɗaya, ko da kuɗi ne suka ƙare gara a rage wani abin a gida.

'Yar Fagge:

Na gode, Allah ya ƙara basira. Na tambaye shi, ya ce yakan manta na dare kamar sau biyu a wata, kuma gaskiya duk kamfanin da aka samu muke saye. Za mu gyara. Amma maganar aikin ce ke hana mahaifiyarmu barci. Ba zai manta karatunsa da mutanensa ba? Kuma yana azumi, ya ci gaba?

Famasis:

Mantuwar dare ba ƙarama ba ce, Hajiya. Keppra rabinsa na fita daga jini cikin awa shida zuwa takwas, Tegretol ma yana ƙara masa sauri. Wanda ya tsallake na dare ya kwana ba kariya, kuma da dare babbar faɗuwarsa take zuwa. A saya masa akwatin ƙwaya mai gida bakwai, a sa ƙararrawa a waya. Amma mantuwa biyu a wata ba ta isa ta bayyana tashi shida ba. Azumi kuwa, sahur da buɗa-baki suna iya ɗaukar magani mai sau biyu, matsalar ita ce raguwar barci. Wanda ciwonsa bai lafa ba yana da uzurin rashin lafiya, ya zauna da likitansa da malaminsa kafin watan ya kama.

Likitan Tiyatar Ƙwaƙwalwa:

Malam Famasis, duk abin da ka faɗa daidai ne, sai dai ina tsoron a mayar da shi dalilin jira. Gyaran shan magani wata uku ya ishe shi nuna kansa. A yi shi tare da neman MRI, ba a gama ɗaya sannan a fara ɗaya ba. Ko a Amurka masu irin wannan ciwo sukan yi kusan shekara ashirin kafin a tura su bincike, shi ya sa a 2022 kwamitin tiyata na ILAE ya ce duk wanda magani biyu suka gaza masa, har ɗan shekara 70, a tura shi nan take.

'Yar'uwa, ki gaya wa Mama cewa maganar aikin ba jita-jita ba ce. A 2001 an raba mutum 80 gida biyu a Kanada, rabi aka yi musu aiki, rabi suka ci gaba da magani. Bayan shekara, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki ba su ƙara samun tashin da ke gusar da hankali ba, a masu magani kuwa kashi 8. A 2017 asibitin AIIMS na Niyu Delhi ya yi irinsa a kan yara 116, aka samu kashi 77 da kashi 7. A dogon zango adadin kan ragu. A Landan an bi mutum 615, bayan shekara biyar kashi 52 ne ciwonsu bai dawo ba, bayan goma kashi 47. Mai tabo a hifokamfas ɗaya, wanda duk gwaje-gwajensa suka nuna wuri guda, yana cikin masu rabo mafi tsoka, wajen biyu cikin uku.

Ba a fara da wuƙa. Za a kwantar da shi kwana biyar zuwa goma, wayoyin EEG a kansa dare da rana, kyamara na kallonsa, a rage masa magani da gangan har ciwon ya tashi sau uku ko fiye, a ga inda wutar ke farawa. Rage maganin nan a asibiti kawai ake yinsa, da allura a shirye. Sannan gwajin tunani da harshe na awoyi. A nan a nemi tafinta mai jin Hausa da kyau, domin in aka gwada shi da harshen da bai ƙware ba, za a rubuta masa raunin da ba shi da shi. In MRI da EEG da bidiyo da gwajin tunani duk suka ce dama, an gama. In suka saɓa, sai hoton PET mai nuna yadda sassan ƙwaƙwalwa ke aiki, in har yanzu da shakka a huda ƙananan ramuka a zura siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa a saurara daga ciki.

Aikin kansa shi ne cire gaban sashen nan na daura da kunne, kimanin santimita huɗu zuwa huɗu da rabi a hagu, har biyar da rabi ko shida a dama, tare da hifokamfas mai tabon. Kwana huɗu zuwa bakwai a asibiti. Ba zai manta mahaifiyarsa ko karatun da ya riga ya haddace ba, tsohon ajiya ba a nan yake ba. Abin da kan taɓu shi ne riƙe sabon abu, musamman kalmomi da sunaye. In aikin na hagu ne kusan kashi 44 cikin 100 kan samu raguwa, na dama kusan kashi 20. Shi ya sa nunin da hannayensa suka yi zuwa dama ya yi mini daɗi. Hifokamfas da ya riga ya ƙanƙance kuwa da ma can ba wani aiki yake yi ba, ɗan'uwansa na ɗaya gefen ya daɗe da ɗaukar kayan.

Sauran haɗarin: wani yanki na gani a sama, ta kishiyar gefen aikin, kan ɗauke, da yawa ba sa lura sai an auna. Baƙin ciki da fargaba kan zo a watannin farko, a sa ido. Babban lahani na dindindin, kamar raunin ɓarin jiki, bai kai kashi 5 cikin 100 ba, mutuwa ba ta kai kashi 1 ba. Kuma magani ba ya tsayawa ranar aiki, ana ci gaba aƙalla shekara ɗaya ko biyu.

In tafiya waje ta kama, a kiyayi dillalai. Duk wanda ya kalli hoton MRI da aka ɗauka da waya ya ba ku ranar aiki da farashi, ku bar shi. A aika faifan hoton na asali. A tambaya ko suna da ɗakin EEG mai bidiyo, aikin farfaɗiya nawa suke yi a shekara, kuma ko likitan jijiyoyi da na tiyata da na hoto da masanin tunani suna zama tare a kan kowane fayil. AIIMS da cibiyar Sree Chitra da ke jihar Kerala sun daɗe da irin wannan tsari.

Mai Bibiyar Bincike:

Yallaɓai likitan tiyata ya yi maganar wanda aka gano masa wuri ɗaya. In ciwon ya fito daga gefe biyu, ko yana kan wurin magana ko motsi, sai a koma ga rage shi.

Na'urori uku ne. Ta farko, VNS, an amince da ita a Amurka tun 1997. Batiri ne a ƙarƙashin fatar ƙirji, da waya da ke naɗe wata jijiya a hagun wuya, tana ba da wuta daƙiƙa 30 ta huta minti biyar. Kusan rabin masu ita ciwonsu kan ragu da rabi bayan shekara ɗaya ko biyu, warkewa ɗungurungum kuwa da wuya, kuma murya kan dishe duk sanda ta kunna. Ta biyu wayoyi ne da ake dasawa can tsakiyar ƙwaƙwalwa, a gwajin SANTE mai mutum 110 raguwar ta kai kashi 69 a shekara ta biyar. Ta uku, RNS, tana sauraron wurin ciwon ta kashe wutar da zarar ta kunno, amma kusan a Amurka kaɗai ake sa ta. Dukansu sai da mai saita su a kusa da kuɗin sauya batiri. A dasa wa mutum na'ura a waje ya dawo garin da ba mai na'urar saitawa, an yi asarar kuɗi ke nan. Akwai kuma ƙona tabon da hasken leza ta rami ɗaya, mutum ya fita washegari, sakamakonsa ya ɗan gaza na buɗe kai.

Abinci mai maiƙo da ƙarancin sitaci tun 1921 ake amfani da shi, kuma a yara ya fi tabbata. Na manya mai sassauci yana iyakance sitaci da sukari zuwa giram 20 a rana. A gidan Bahaushe wannan na nufin ba tuwo, ba shinkafa, ba fura, ba kunu, ba burodi, sai ƙwai da nama da kifi da ganye da man shanu da man gyaɗa. Malmala ɗaya ta rusa aikin kwanaki. Ba a yinsa sai da masanin abinci da awon jini.

A sababbin magunguna, wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne senobamet, Xcopri a Amurka tun 2019, Ontozry a Turai tun 2021. A gwajinsa, cikin mutanen da magunguna da yawa suka gaza musu, kashi 21 cikin 100 na masu shan miligiram 400 ciwonsu ya tsaya cak a makonnin gwajin, masu 200 kashi 11, masu ƙwayar bogi kashi 1. Ana fara shi da miligiram 12.5, a riƙa hawa duk bayan mako biyu, domin da aka yi gaggawa a farko ya jawo mummunan ƙurji mai taɓa hanta har da rasa rai. Yana ɗaga fenobabital da fenitoyin da kilobazam a jini, dole a rage su. Yana da tsada, samunsa a ƙasashenmu da wuya, kuma wanda ba shi da tabbacin samunsa kowane wata kada ya fara.

Na kan hanya akwai XEN1101 na wani kamfanin Kanada, wanda a gwajin da aka buga a 2023 miligiram 25 ya rage tashin ciwo da kusan kashi 53, na bogi kashi 18. Ana kuma gwada dasa ƙwayoyin halitta masu kwantar da wuta a cikin hifokamfas, NRTX-1001, tun 2022, a kan mutane ƙalilan. Masu bincike a Landan sun koya wa kwamfuta gano ƙananan lahanin ɓawon ƙwaƙwalwa da ido ke tsallakewa a MRI. Man wiwi da ake tallatawa a intanet kuwa, wanda aka amince da shi, Epidiolex, na wasu nau'o'i uku ne masu tsanani da ke farawa a yarinta, ba irin na ƙaninki ba.

Malamar Jinya:

Yaya, kafin duk wannan ya tabbata, dare nake ji. Babbar faɗuwa cikin barci ita ce ta fi haɗari, domin numfashi kan tsaya bayanta. A manya masu farfaɗiya kusan mutum ɗaya cikin dubu ke rasuwa ta haka a shekara, kuma haɗarin na ninkuwa sosai ga mai babbar faɗuwa uku ko fiye a shekara. Kada ya kwana shi kaɗai a shago ko ɗakin zaure. Wani ya kwana ɗaki ɗaya da shi, katifa a ƙasa, ba tulin matasai.

In ta tashi a duba agogo, a janye abin da zai buge shi, a kwantar da shi ta gefe. Ba cokali a baki, ba ɗura ruwa ko rubutu, ba turare a hanci, ba danne shi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo. In jijjiga ta kai minti biyar, ko ta biyu ta zo bai farfaɗo daga ta farko ba, asibiti kai tsaye. Ku roƙi likitansa ya rubuta maganin gaggawa na gida, diyazafam na dubura miligiram 10 zuwa 20 ga babba, ko midazolam miligiram 10 da ake zubawa tsakanin kumatu da dasashi, a koya wa mutum biyu a gidan yadda ake ba da shi. Kada a maimaita a gida sai in likita ya rubuta haka.

Da rana kuma: ba tuƙa babur ko mota, ba jan ruwa a rijiya, ba zama bakin murhu ko kaskon suya, ba hawa tsani. Wanka da bokiti da kofi, yana zaune a kan kujera 'yar tsugune, kuma kada ya sa sakata a ƙofar banɗaki.